Yawo A Cikin Ganuwar Zazzau: Wace Bishiya Ce Za Ta Zauna A Gidanku?

A wannan mako filinmu na yawon buɗe ido zai kai ku birnin Zariya, wato tsohon birni na cikin ganuwa, ba Tudun Wada ko Sabon Gari ba. Galibin baƙin da ke shiga wannan birni suna zuwa ne domin su ga fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, ko tsohon Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ko kuma su ɗauki karatu a zaurukan malamai. Mu kuwa itatuwa za mu je dubawa, musamman na marmari da ake shukawa a cikin gidaje.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne, yanzu wayar hannu ta kawo mana gonakin duniya har cikin ɗaki. Yaro zai ga bidiyon wata gona a Japan ko Koriya, bishiyoyi sun yi sahu, 'ya'ya sun cika rassa kamar da hannu aka rataya su, sai ya ce shi ma lallai sai ya shuka irinta a bayan ɗakin mahaifiyarsa. Wannan sha'awa ce mai kyau. Amma kafin mutum ya kashe kuɗin tararsa, ya kuma kwashe shekara uku yana ban ruwa, ya kamata ya san abin da ƙasar garinsu za ta karɓa da abin da za ta ƙi. Birnin Zariya wuri ne mai kyau na koyon wannan darasi.

Unguwannin da itatuwa suka raɗa wa suna

Idan ka taso daga Tudun Wada, ta Ƙofar Doka za ka shiga birni. Nan ne cunkoso yake, ga 'yan acaɓa, ga masu keke mai ƙafa uku, ga masu tallar rake da lemo a bakin titi. Ba nisa da ƙofar za ka ga Kwalejin Alhudahuda, wadda asalinta ya faro tun 1910, daga nan titi ya miƙe zuwa Babban Dodo da Fada.

Ganuwar da ta kewaye birnin ta kai kimanin kilomita 14, tana da ƙofofi irin su Ƙofar Gayan da Ƙofar Kibo da Ƙofar Kona da Ƙofar Jatau da Ƙofar Kuyambana. A wurare da yawa ta zaizaye ta koma tudu, a wasu wuraren ma gidaje sun hau kanta. Abin lura shi ne, mutanen da ba gidaje kaɗai suka kewaye da ita ba. Sun haɗa har da gonaki da fadamu da fili mai yawa, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, a samu abin ci ba tare da an fita ba. Ke nan tun asali noma da shuka suna cikin tsarin birnin.

Ka kasa kunne ka ji sunayen da fasinja ke faɗa wa ɗan acaɓa: Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Durumin Maigarke. Duk sunayen itatuwa ne. Haka abin yake a sauran ƙasar Hausa, ga Kurna da Ɗorayi a Kano, ga Unguwar Rimi a Kaduna. Sai dai Zariya ta yi fice wajen rimi. Wani matafiyi ɗan ƙasar Sukotland mai suna Hugh Clapperton, wanda ya ratsa ta birnin a 1826, ya ambaci dogayen itatuwan da ake gane garin da su tun daga nesa. Rimi ya ba Zazzagawa inuwa, ya ba su audugar cusa katifa da matashin kai, ya kuma zame musu alamar kwatance. A yau an sare rimaye da yawa, wasu saboda faɗaɗa titi, wasu saboda tsufa da tsoron kada su faɗo wa gidaje, wasu kuma saboda katako. A wurare da dama sunan ne kawai ya rage a bakin mutane.

Abin da ke bayan zaure

Rimi da durumi da ceɗiya itatuwan dandali ne, na kowa da kowa. Itatuwan marmari kuwa suna ɓoye a cikin gidaje, kuma a al'adar birni baƙo namiji ba ya wuce zaure sai da izini. To amma akwai dabara. Ka sauka daga babban titi ka shiga lungu, ka riƙa ɗaga kai kana duban saman katanga. Nan za ka ga kan mangwaro ya yi duhu, can gwanda ta miƙe da 'ya'yanta a wuya, gaba kaɗan reshen gwaiba ya leƙo waje yana jan hankalin yara. Za ka ga lemun tsami da zogale da rumman, jefi-jefi kuma dabino ko giginya. A gefen kududdufai, inda aka haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni, akan samu ayaba da 'yan lambunan alayyahu da latas.

Gidan gargajiya na birni yana da wurin da bishiya za ta zauna. Bayan zaure akwai ƙofar gida, sai shigifa, sai tsakar gida inda rijiya da murhu suke, sannan a can baya akan bar garka. Ruwan alwala da na wanke-wanke yana gangarawa gindin bishiya, tokar murhu da kashin awaki su zama taki, ganyen da ya zubo kuma ya koma ƙasa. Babu abin da ke tafiya a banza. A ƙarƙashin bishiyar ake daka, ake tsifa da kitso, ake shimfiɗa wa jariri tabarma da rana.

A wani lungu da ke kusa da kasuwar birni, mun yi sallama da wani dattijo a zaurensa, bayan gaisuwa ya yi mana izini muka shiga har tsakar gida. Wani ƙaton mangwaro ne ya rufe rabin gidan, gindinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya rungume.

Muka ce, "Baba, wannan kai ka shuka shi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ina fa, 'ya'yana. A ƙarƙashinsa na yi karatun allo. Kakana ne ya dasa shi."

Sai ya nuna mana wani sabon ɗaki na bulo da rufin kwano a kusurwar gidan, ya ce da can lemun tsami biyu da gwaiba ne a wurin. Da aka tashi yi wa ɗansa aure babu fili, dole aka sare su. Ya ce yanzu ko lemun da za a matsa a kunu sai an aiki yaro kasuwa. Da muka nuna masa hoton wata 'yar itaciyar ƙasar waje a waya, muka tambaye shi ko za ta yi a gidansa, sai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan kamar goruba, kamar tufa. A ina iyayenta suke?"

Tambayar dattijon ita ce tambayar da duk mai son shuka ya kamata ya fara yi.

Baƙuwa daga gabashin duniya

'Yar itaciyar da muka nuna masa ita ce fiyar Asiya, wadda Japanawa ke kira nashi. A nan sai an yi hattara da suna, domin abin da muka saba kira fiya a kasuwanninmu shi ne koren ɗan itacen nan mai maiƙo da ƙaton ƙwallo a ciki, wanda ake shafa wa burodi. Wannan daban, waccan daban, ko dangantaka ba su da ita. Fiyar Asiya 'yar uwar tufa ce. A kewaye take kamar tufa, cikinta fari ne mai ruwa sosai, tana garas-garas a baki, ga zaƙi marar nauyi. Wani lokaci akan gan ta a manyan kantunan Kaduna da Kano da Abuja, kowace ɗaya an sa mata 'yar farar riga mai kama da raga don kada ta ƙuje, kuɗinta kuwa ya isa a sayi tulin mangwaro.

Asalinta daga gabashin Asiya ne, wato Sin da Koriya da Japan, kuma ƙasar Sin ita kaɗai tana noma fiye da rabin dukkan fiya irin wannan dangi da ake nomawa a duniya. Iri biyu ne manya. Akwai mai santsin fata, kore ko ruwan ɗorawa. Akwai kuma mai fata ruwan ƙasa, mai ɗan kaushi da ɗige-ɗige, launinta kamar na goruba. Wannan ta biyun ita ce ta fi jan ido a hotuna. Daga cikin irinta akwai Chojuro, wadda aka gano a yankin Kawasaki na Japan a shekarun 1890, da Kosui da aka fitar a 1959, da Hosui da masu binciken aikin gona na gwamnatin Japan suka fitar a 1972. A Koriya ta Kudu kuwa garin Naju ya yi suna wajen nomanta, kuma manyan 'ya'yanta na cikin abin da ake kai wa dangi kyauta a lokutan bukukuwa.

Masu shuka ta a gida a waɗancan ƙasashe, da ma Amurka da Ostareliya, suna bin wasu ƙa'idoji. Ba sa shuka ƙwallonta, dashen aure suke saye. Sukan dasa iri biyu kusa da juna, domin yawancinsu ba sa yin 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma ya ɗauko garin fure daga wani irin daban. Idan ta yi 'ya'ya sukan rage su, su bar ɗaya a kowane gungu. A Japan da Koriya har jakar takarda ake sa wa kowace 'ya tun tana ƙarama, ana kuma shimfiɗa rassan a kan rumfar waya saboda iska mai ƙarfi kada ta kakkaɓe su. Sannan a kan bishiya ake barinta ta nuna, ba a tsinke ta ɗanya a ɓoye a buhu.

Bishiyar da ke bukatar barci

To, za ta yi a Zariya? Ga inda gizo ke saƙa. Fiyar Asiya tana cikin itatuwan da ke zubar da ganye gaba ɗaya idan sanyi ya shigo, su yi kamar sun mutu. Barci ne suke yi. Kuma idanun da za su fitar da fure ba sa farkawa yadda ya kamata sai bishiyar ta tara wasu sa'o'i a cikin sanyin da ya kai kimanin digiri 7 a ma'aunin salshiyos ko ƙasa da haka. Yawancin irin da muka ambata suna bukatar ɗaruruwan sa'o'i na irin wannan sanyi a kowace shekara, daga wajen 300 zuwa sama.

Duk wanda ya taɓa kwana a Zariya a watan Disamba ko Janairu ya san hunturunta ba wasa ba ne. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ɗalibi ya riƙa neman dalilin gudun wankan safe. Amma duk da haka, da wuya sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, da rana ta ɗaga kuma zafi ya dawo. Abin da mu muke kira tsananin sanyi, a wurin wannan bishiya ko gyangyaɗi bai isa ya sa ta ba. Idan aka dasa ta a irin wannan yanayi, tana iya rayuwa ta yi ganye jefi-jefi, amma fure zai zo a warwatse ko ya ƙi zuwa, bishiyar ta yi ta rama har ta gaji. Taki ba ya maganin wannan, yawan ban ruwa ma haka.

Tsayin wuri yana da tasiri a nan. Zariya tana kan tudu mai tsayin mita 600 da 'yan kai daga saman teku. Jos ta kai kimanin mita 1,200, tsaunin Mambila a Jihar Taraba kuma ya fi haka. Shi ya sa dankalin Turawa ya karɓi Filato, ganyen shayi ya karɓi Mambila, kuma a irin waɗannan wurare ne masu gwada shuka tufa suka fi sa rai. A tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, manoman yankin Batu suna noman tufa a kan tsaunuka ta hanyar tsige ganyen bishiya da hannu bayan girbi, don su sa ta sake fure. Dabara ce ta masu ilimi, amma ita ma tana tafiya ne da sanyin tsauni da kuma irin da aka zaɓa musamman.

Saboda haka idan wani ya tallata muku dashen fiyar Asiya ko tufa a intanet, ya ce ko'ina tana yi, ku tambaye shi sunan irin, da yawan sanyin da take bukata, da kuma gidan da ta taɓa yin 'ya'ya a garinku. Gani ya kori ji.

Baƙin da suka zama 'yan gari

Kada wannan ya sa ku ɗauka cewa duk baƙon itace ba ya zama a ƙasarmu. Ku sake duban saman katangun nan na birni. Mangwaro daga yankin Indiya ya fito. Gwaiba da gwanda da yazawa daga nahiyar Amurka suka zo. Lemo asalinsa Asiya ne. Rumman ko sunansa ma daga Larabci muka aro. Tsofaffi kan ce gwandar Masar don su bambanta ta da gwandar daji, alamar sun san baƙuwa ce. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, daga Indiya yake, kuma a ƙarni na 20 ya bazu a Arewa. 'Yan asalin ƙasa su ne irin su kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da ɗinya da giginya.

Waɗannan baƙi sun zauna ne saboda sun tarar da yanayi irin na gidansu. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, sai rani mai tsawo ya biyo baya. Mangwaro yana son haka. Bushewa da ɗan sanyin hunturu su ne ke sa shi fure, shi ya sa za ku ga ya yi fari da huda a Janairu da Fabrairu, kafin bazara ta ƙare kuma kasuwa ta cika da binta siga da fafaranda. Hunturun da ya yi wa fiyar Asiya kaɗan, shi ne daidai wa daida ga mangwaro.

Darussa uku da za mu ara

Bishiyar fiyar ba za ta zauna mana ba, amma irin renon da ake yi mata zai zauna, kuma itatuwanmu suna bukatarsa.

Na farko shi ne aure. Idan ka sha mangwaro mai daɗi ka shuka ƙwallonsa, ba lallai ne abin da zai fito ya gaji uwarsa ba, kuma za ka iya jiran shekara biyar zuwa takwas kafin ka gani. Masu renon dashe sukan shuka ƙwallon mangwaron gida mai jure wahala, idan ya kai kaurin fensir sai su yanko ɗan reshe daga bishiyar da aka san daɗinta, su fere shi, su tsaga kan dashen su soka, su ɗaure da leda har su haɗe. Gindin ya kawo ƙarfi, reshen ya kawo daɗi. Mangwaron aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma bai cika yin girman da zai cinye gida ba. Haka ake yi wa lemo. 'Yan Zariya sun yi sa'a a nan, domin Samaru tana kusa. Can ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga Kwalejin Aikin Gona, ga kuma cibiyar NAERLS mai wayar da kan manoma. Malamin aikin gona na makarantarku zai iya shirya muku ziyara ku ga yadda ake wannan aiki da idonku.

Na biyu shi ne ragi. Mu a wurinmu idan gwaiba ta yi 'ya'ya bila adadin sai murna, ba mai taɓa ko ɗaya. Amma abincin da bishiya ke samu ƙayyadadde ne, idan 'ya'ya suka yi yawa sai duk su fito ƙanana. Ku gwada a reshe ɗaya: ku cire rabin 'ya'yan tun suna kamar gujiya, ku bar wani reshen yadda yake, ku kwatanta su idan sun nuna.

Na uku shi ne sutura. Kun sha ɓare gwaiba ko mangwaro mai kyan gani ku tarar da tsutsa a ciki. Wani ƙaramin ƙuda ne ke huda fatar ya zuba ƙwai. Akwai wani mugun irinsa ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya bazu har Afirka ta Yamma, yana yi wa masu lambu ɓarna mai yawa. Jakar takardar nan ta manoman Japan tana hana shi kaiwa ga 'ya'yan. Tsohuwar jarida da zare sun isa a yi wa gwaiba ashirin ko talatin riga. Sannan duk 'ya'yan da suka faɗo suka ruɓe a tsince su, a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana na 'yan kwanaki, ko a binne su da zurfi, don kada tsutsar ta shiga ƙasa ta sake fitowa ƙuda.

Idan za ku dasa a bana

Ku fara da neman izinin iyaye, sannan ku auna fili. Mangwaro yana son sarari, kada a matsa shi jikin gini ko rijiya ko masai. Idan gidanku ƙarami ne, gwaiba ko lemun tsami ko rumman ko gwanda sun fi dacewa. Gwanda ce mai saurin biya, takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, amma ku shuka uku ko huɗu, domin wasu kan fito maza, fure kawai suke yi.

Ku haƙa rami mai zurfi da faɗin wajen santimita 60. Ku gauraya ƙasar sama da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe, ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuni, ba ranar ruwan farko ba. A yanke ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse, kuma a bar gaɓar auren a sama da ƙasa. Duk tsiron da ya fito a ƙasan gaɓar a cire shi, domin na gindin ne, idan aka bar shi zai kashe reshen da aka aura. Idan ƙaramin dashe ya yi saurin fure a shekarar farko, a tsinke furen ya samu ya yi ƙarfi tukuna.

Babban abokin gaba a birni shi ne akuya. Dashen da aka yi wata shida ana reno, cikin minti biyu za ta gama da shi. A kewaye shi da tubali ko tsohon kwando ko ƙaya tun ranar farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Jarrabawa ta gaske kuma tana zuwa ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, ruwa ya yi tsada. A nan ne ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka zai yi rana, in dai babu sabulu mai yawa a ciki. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe, amma kada ta taɓa jikin bishiyar.

Kafin mu fita ta ƙofa

Wanda ya zagaya birnin Zariya a yau zai ga gini yana ta cin fili. Gidan da a da iyali ɗaya ke ciki, an raba shi gado kashi biyar ko shida, kowa ya ja katangarsa. Zauruka sun koma shaguna, garka ta koma ɗakin haya, tsakar gida an malale ta da siminti. Ba laifin kowa ba ne, jama'a ce ta ƙaru, kuma kowa yana bukatar wurin sa haƙarƙari. Amma idan watan Afrilu ya zo, kwano ya ɗauki zafi, wuta kuma babu, kowa ya san bambancin gidan da ke da bishiya da wanda ba shi da ita. Ko a gidan siminti ana iya barin ɗan murabba'i guda ba a shafe ba, kuma wannan ya isa lemun tsami ɗaya ya rayu shekara da shekaru. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Kakan dattijon nan na kusa da kasuwa ya daɗe da rasuwa, amma har yanzu tattaɓa-kunnensa suna shan mangwaronsa.

Ga aikin gida na wannan mako. Kowannenku ya ƙirga itatuwan marmari da ke gidansu da gidaje biyar na maƙwabta, ya rubuta sunayensu. Ku tambayi kaka ko wani tsoho a unguwa waɗanne itatuwa ne a da suke wurin da yanzu babu su, da abin da ya sa aka sare su. Idan sunan unguwarku ko ƙauyenku daga itace ya samo asali, ku binciko ko itacen yana nan. 'Yan ƙungiyar manoman makaranta kuma su nemi shugaban makaranta ya ba su gefe guda su dasa mangwaron aure ko gwaiba kafin damina ta yi nisa, kowane aji da bishiyarsa.

Ku aiko mana da abin da kuka samo, tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan fili. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.